Littafi a Cikin Na'ura: Matsalar Zaɓe da Adanawa ga Mai Karatun Hausa

Gabatarwa

Tun da daɗewa Fagge mashigar baƙin kaya ce. A nan ne ayarin fatake kan sauka a bayan ganuwa kafin su shiga birni. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma kafa Sabon Gari a gefenta wajen 1913, sai yankin ya zama ƙofar duk wani sabon abu da ya fito daga Kudu ko daga ƙetare. Littafin boko ma ta nan ya bi. Littattafan addini da na ajami suna da mazauninsu a Kasuwar Kurmi, amma na makaranta a kantunan Titin Coci ake nemansu, kuma a rumfunan Kasuwar Sabon Gari ne ƙagaggun labaran nan da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano suka sami dillalai tun daga shekarun 1980. Bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, sannu a hankali al'amarin ya sake kama. Yanzu da yawa daga cikin masu karatu Titin Beirut suke nufa, inda ake sayar da waya da kwamfuta, domin kuwa littafin nasu ya koma cikin na'ura.

Tambayar da malami ko ɗalibin babban digiri kan yi idan ya isa can ita ce, wace na'ura ta fi kyau? Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna cewa akwai tambayoyi biyu da suka riga wannan. Ta farko, shin littafin Hausa zai shiga na'urar da haruffansa cikakku? Ta biyu, idan ya shiga, a hannun wa yake?

Na'urorin da kansu

Ana iya karanta littafi a waya, ko a kwamfuta, ko a faffaɗar wayar nan da ake kira tabilet, ko kuma a na'urar da aka ƙera musamman don karatu. Uku na farko fuskarsu haske take fitarwa. Ta ƙarshen kuwa da abin da ake kira tawadar lantarki take aiki, watau ƙananan ƙwayoyi farare da baƙaƙe da ke cikin fuskarta, waɗanda lantarki ke tasowa da su sama ko ya nutsar da su har su zana shafi. Da zarar shafin ya zanu, zai zauna ba tare da ya ci batir ba sai an juya shi. Shi ya sa caji ɗaya kan kai makonni, kuma rubutun ƙara fitowa yake yi a cikin rana, kamar na takarda. Ba sai an yi dogon bayanin amfanin wannan ga mazaunin garin da wutar lantarki ba ta da tabbas ba.

Kamfanin Sony ne ya fara fitar da irin wannan na'ura a Japan a 2004. Kindle ta kamfanin Amazon ta biyo baya a watan Nuwamba 2007, Kobo kuma a 2010. Akwai wasu, irin su Boox, masu aiki da tsarin Android, waɗanda ake iya zuba musu manhajojin karatu iri-iri. Galibinsu faɗin fuskarsu inci 6 ne ko 7, manyan kuwa sun kai inci 10. Sai dai a Kano waɗannan na'urori baƙi ne. Wanda ya same su, sau da yawa na hannu ne, kuma tilas ya tabbatar an cire sunan mai su na farko daga cikinsu kafin ya biya kuɗi. Mafi yawan karatun Hausa na zamani a kan waya ake yin sa, saboda haka duk abin da za a faɗa nan gaba ya shafi waya kamar yadda ya shafi Kindle.

Siga biyu ta littafi

Littafin na'ura fayil ne, kuma siga biyu ce ta fi yawo. PDF, wadda kamfanin Adobe ya fito da ita a 1993, shafi take kamawa ta daskarar da shi yadda maɗaba'a ta tsara, da lambarsa da komai. EPUB kuwa, wadda aka tsayar a 2007, ba ta da shafi tabbatacce. Rubutun malala yake yi kamar ruwa ya cika duk mazubin da aka zuba shi, in fuskar ƙarama ce ya tsuke, in an ƙara girman haruffa shafuka su ƙaru.

Ga mai karanta labari don nishaɗi EPUB ta fi daɗi nesa ba kusa ba. Ga manazarci kuwa akwai cikas, domin al'adar ilmi ta ginu ne a kan ambaton shafi. Wanda ya ce magana kaza tana shafi na 47 na Ruwan Bagaja, bugun kamfanin NNPC na Zariya, ya ba abokin aikinsa hanyar bin sawu. Shafi na 47 a wayar wani kuwa na iya zama na 90 a wayar wani. Wasu littattafan EPUB suna ɗauke da lambobin shafin bugun takarda a cikinsu, amma sai in mai tsarawa ya ɗauki nauyin sa su. Ita kuma PDF, idan aka buɗe shafin kundin digiri a fuska mai inci 6, haruffan kan zama kamar ƙwayar gero. Don haka wanda yawancin karatunsa kundaye ne da tsofaffin mujallu, babbar fuska ta kama shi, ko da kuwa tabilet ce mai cin batir.

Akwai kuma bambanci a cikin PDF ɗin kanta da mutane ba su cika lura da shi ba. Wata rubutu ce na ainihi, ana iya neman kalma a cikinta. Wata kuwa hotunan shafuka ne kurum aka ɗauka aka harhaɗa. Tsofaffin littattafan Hausa da ke yawo a wayoyi galibi irin ta biyun ne, masu nauyi, kuma na'ura ba ta san abin da ke cikinsu ba, yadda jaki bai san abin da ke cikin mangala ba.

Haruffa masu ƙugiya

A nan ne matsalar mai karatun Hausa ta rabu da ta mai karatun Ingilishi. Tun shekarun 1930, zamanin da Hukumar Talifi ta Zariya ke ƙarƙashin Dokta R. M. East, haruffan ɓ da ɗ da ƙ suka maye gurbin ɗige-ɗige da waƙafin sama da aka yi amfani da su a baya. A Nijar an ƙara da ƴ, inda Nijeriya ke rubuta 'y. Ba ado ne aka yi da su ba. Su ne ke raba baki da baƙi, fada da faɗa, bari da ɓari, kafa da ƙafa. Gaskiya ne mai harshe kan gane abin da ake nufi daga muhallin magana, amma ɗan koyo ba ya ganewa, na'ura ma haka.

A tsarin Unicode, wanda shi ne ma'aunin da kwamfutocin duniya suka amince da shi, kowane harafi yana da lambarsa, kuma haruffan Hausa sun sami nasu tun farkon shekarun 1990. Abin lura shi ne ba a jera su wuri ɗaya ba. Ƙaramin ƙ da manyan Ɓ, Ɗ da Ƙ suna cikin rukunin ƙarin haruffan Latin, amma ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin ilmin furuci. Mai zana zubin haruffa yana iya ɗaukar rukuni ɗaya ya bar ɗaya, ko ya bar duka biyun. Idan na'ura ta iso ga harafin da babu shi a zubin da take aiki da shi, ɗayan biyu take yi: ko ta sa ɗan akwati fanko a gurbinsa, ko ta aro shi daga wani zubin, sai a ga ɗ ta fi sauran kalmar kauri ko tsawo, tana tsaye kamar baƙuwa. Na biyun ana iya haƙuri da shi. Na farkon ɓata littafi ne.

Maganin wannan ba shi da wuya. Kindle, tun daga 2018, da Kobo duka suna barin mai su ya zuba nasa zubin haruffa ta hanyar haɗa na'urar da kwamfuta. Akwai na kyauta da ke ɗauke da haruffan Hausa duka, irin su Charis da Andika na ƙungiyar SIL, da Noto na Google. Mai tsara EPUB kuma yana iya cusa zubin a cikin littafin kansa, ya bi shi duk inda ya je. Da marubuta da maɗaba'u sun riƙi wannan, da rabin kukan ya ƙare.

Matsalar da ta fi wannan zurfi ta gado ce. Kafin Unicode ya wadatu a kwamfutocin ƙasar nan, masana sun nemi mafita da kansu. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin Rabi'at da Abdalla a shekarun 1990, wasu ma suka yi nasu, kuma babu shakka sun yi wa harshen hidima a lokacin da babu wata hanya. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce a ari gurbin wata alama da Hausa ba ta bukata, a zana harafi mai ƙugiya a wurin. Ido yana ganin ƙ, amma abin da kwamfuta ta ajiye a cikinta wata alama ce dabam. Muddin zubin yana nan, asiri a rufe yake. Ranar da aka ɗauki fayil ɗin aka kai na'urar da ba ta da shi, sai a ga ƙasa ta koma }asa ko qasa, ɗaya ta koma ]aya ko xaya, ɓarawo ya koma varawo. Kundaye da maƙalu masu yawa da aka buga a jami'o'in Kano da Sakkwato da Zariya da wannan dabara aka buga su. In an mai da su PDF tare da zubin, ido zai karanta lafiya, amma wanda ya nemi kalmar ƙasa a ciki ba zai same ta ba. In kuwa EPUB aka mai da su, ɓarnar a fili za ta fito. Ana iya gyara su ta umartar kwamfuta ta musanya kowace alama da harafinta na Unicode, amma fa da hattara, domin in q da x da v aka ara, duk wani sunan Bature ko ambaton Ingilishi da ke cikin kundin shi ma zai sami ƙugiyar da bai nema ba.

Daɗin daɗawa, marubutan da ke rubutu kai tsaye a waya sun ƙago nasu hanyoyin: wani ya rubuta k' da d', wani q, wani ya sa lamba 6 a madadin ɓ, wani kuma ya watsar da ƙugiyar ɗungum. Ke nan kalma ɗaya tana iya zuwa da kama huɗu ko biyar. Ɗalibin da ke ƙirga yawan zuwan wata kalma a cikin labaran zamani, in bai san wannan ba, alƙalumansa ba za su tsaya ba.

Masu nazarin harshe suna da ƙarin bukata, watau alamomin karin sauti da tsawon wasali, irin waɗanda ke cikin ƙamusun Paul Newman na 2007. Wasali mai tsawo kuma mai karin ƙasa alama biyu yake ɗauka, ɗaya bisa ɗaya, haka nan r mai gare takan ɗauki tata. Wasu daga cikin waɗannan ba su da lamba guda a Unicode, harhaɗa su ake yi, kuma na'urar da ba ta iya ba sai ta zame da alamar zuwa kan harafin da ke gaba. A rubutun da karin sauti ne abin da ake magana a kai, wannan kuskure ne babba.

Ajami kuwa ya fi kowa shan wuya. Rubutun ƙasar Hausa a kan ruwayar Warshu da hannun Magariba ya ginu, inda fa'un ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ke da ɗaya a sama. A 2016 Unicode ya ƙara lambobi na musamman domin siffofin waɗannan haruffa a ruwayar Warshu, kuma SIL ta fitar da zubin Alkalami wanda aka zana bisa hannun marubutan Kano. Duk da haka na'urorin karatu da Larabcin Gabas suka saba. Abin da ya fi tabbas ga rubutun ajami har yanzu shi ne hoton shafi a PDF, a kan babbar fuska.

Saboda haka, maimakon dogara da maganar mai kanti, wanda ba lalle ne ya taɓa jin wannan batu ba, ya kamata mai saye ya tafi kasuwa da ɗan fayil nasa: layi ɗaya mai ɗauke da haruffa masu ƙugiya manya da ƙanana, layi ɗaya mai alamomin karin sauti, layi ɗaya na ajami, da shafi guda na kundi. A buɗe shi a na'urar kafin a yi ciniki.

Daidaita karatu tsakanin na'urori

Mutum ya fara littafi a waya cikin a-daidaita-sahu, ya so ya ci gaba a kwamfutar ofis, da dare kuma a na'urar karatu. Abin da ake kira daidaitawa shi ne duk ukun su san inda ya tsaya. Abubuwa uku ne ke tafiya: fayil ɗin kansa, wurin da aka tsaya, da kuma layukan da aka ja da sharhin da aka rubuta a gefe. Na'urorin ba da juna suke magana ba. Kowace tana aika rahoto zuwa rumbun wani kamfani ta intanet, da sunan asusun mai karatu, sauran kuma su ɗauko daga can. Ke nan in babu data babu daidaitawa, kuma na'urar da ta kwana biyu ba ta hau intanet ba tsohon labari take riƙe da shi.

Kowane kamfani da iyakarsa. Amazon tana daidaita littattafan da aka saya a wurinta, da waɗanda mutum ya aika ta hanyarta ta Send to Kindle, wadda ta fara karɓar EPUB a 2022, tana juya shi zuwa sigarta. Abin da aka zuba ta wayar haɗi daga kwamfuta kuwa a na'urar kaɗai yake zama. Kobo tana daidaita abin da aka saya a kantinta, ba ta bin sawun wanda aka zuba daga waje. Google Play Books tana barin mutum ya ɗora nasa PDF da EPUB, ta daidaita su tsakanin waya da kwamfuta, kuma ga mai wayar Android wannan ce hanya mafi kusa. Tun da yake littattafan Hausa kaɗan ne ƙwarai a kantunan waɗannan kamfanoni, abin da ya dami mai karatun Hausa shi ne yadda kowannensu ke yi da littafin da aka kawo daga waje. Wannan kuwa ba a cika rubuta shi a jikin kwali ba.

Daga cikin abubuwa ukun nan, sharhin gefe ne ya fi daraja ga manazarci, shi ne kuma ya fi saurin salwanta. Littafi ana iya sake samunsa. Ta'aliƙin shekara biyu da malami ya yi a gefen wani diwani, in yana cikin manhajar da ba ta barin a fitar da shi, ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta ya tafi. Almajiran da suka riƙa rubuta sharhi a gefen takardun Ishiriniya sun bar wa jikokinsu abin karantawa. Kafin a saba da kowace manhaja, a duba ko tana iya fitar da sharhi a rubutu zalla.

A aikace, hanyar da littafin Hausa ya fi bi ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ce. Ta WhatsApp da Telegram yake yawo, ko daga waya zuwa waya ta Xender, ko a wurin masu tura fina-finai da waƙoƙi a memori. Wannan rarrabawa ce, ba adanawa ba. Fayil ɗin kan zo ba sunan marubuci, ba shekara, wani lokaci an yanke ƙarshensa, kuma sau da yawa ba da yardar mai shi ba.

Mallaka ko aro

Wanda ya sayi littafi a rumfar Sabon Gari ya mallake shi: ya ba da aro, ya sayar, ya bar wa magada. Littafin da aka saya a yawancin kantunan intanet kuwa izinin karantawa aka saya, kuma galibi da kulle a jikinsa wanda ke ɗaure shi ga asusu ɗaya da manhaja ɗaya. An ga abin da wannan ke haifarwa. A watan Yuli 2009 Amazon ta goge wasu littattafan George Orwell daga na'urorin waɗanda suka saya, saboda wanda ya ɗora su ba shi da haƙƙin sayarwa. Ta mayar da kuɗi, shugabanta ya nemi gafara, amma duniya ta gane cewa hannun da ke daidaitawa yana iya ɗaukewa. A 2019 Microsoft ta rufe kantin littattafanta, ta mayar wa mutane kuɗinsu, littattafan suka daina buɗuwa. A watan Fabrairu 2025 kuma Amazon ta janye damar sauke littafin da aka saya zuwa kwamfuta don a zuba shi a Kindle ta wayar haɗi.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne OkadaBooks, dandalin da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, wanda marubutan Hausa da dama, musamman mata, suka mai da shi kasuwarsu. An rufe shi a ƙarshen watan Nuwamba 2023 saboda matsin tattalin arziki. Marubutan sun ci gaba a Wattpad da ArewaBooks da zaurukan WhatsApp, amma rumfar da aka saba zuwa ta tashi da kayanta. Ba a ce takarda ba ta halaka ba. Gobarar watan Maris 2016 ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari cikin dare ɗaya. Bambancin shi ne littafin da aka buga kwafi dubu ya riga ya watsu a gidaje dubu, ba ya ƙonewa gaba ɗaya.

Ga mutum ɗaya, kariyar ita ce ya riƙe nasa ɗakin karatu a hannunsa. Manhajar calibre, wadda Kovid Goyal ya fara a 2006, kyauta ce, tana tsara littattafai a kwamfuta da sunan marubuci da shekara, tana juya siga zuwa siga, tana kuma zuba su a kusan kowace na'ura. A ajiye asali a can, a yi kwafi na biyu a wani wuri dabam, sa'an nan a bar rumbun kamfani ya yi aikin da ya iya, watau tuna shafi. Inda aka sami zaɓi tsakanin littafi mai kulle da marar kulle, a sayi marar kulle daga hannun marubucin.

Ga fagen nazarin Hausa kuwa abin ya wuce mutum ɗaya. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a can. Labarin da aka rubuta a waya, aka sayar da shi babi-babi a zauren WhatsApp, bai bi ta maɗaba'a ba, balle ya isa wannan ma'ajiya. Littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa, duk da sukar da aka yi wa adabin kasuwa a zamaninsa, ana iya samunsu a taɓa, domin an buga su. Na waɗanda suka gaje su a waya ba su da wannan tabbaci, ga shi kuma marubuciya tana iya sauya babi bayan an karanta shi. Ɗalibin da ya ɗauki irin wannan labari don kundinsa, wajibi ne ya rubuta dandalin da ya samo shi da ranar da ya sauke shi, ya bar rubutun yadda ya same shi da q ɗinsa da 6 ɗinsa, ya kuma nemi izinin marubuciyar ya ajiye kwafi ɗaya a ɗakin karatun sashensa tare da kundin.